Wasan bidiyo na ɗan koyo: yadda ake faɗa masa gaskiya ba tare da an karya masa gwiwa ba

Da wuya a zauna a wata fadar matasa a birnin Tawa, daga Bilbis zuwa Sabon Gari, ba a ga wani ya duƙufa kan wayarsa yana wasan bidiyo ba, shayi na kan wuta. Kusan dukkan waɗannan wasanni daga waje suke zuwa. Sai dai kayan ƙera su sun daina zama na manyan kamfanoni kaɗai. Manhajar Scratch, wadda cibiyar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, kyauta ce. Haka ma GDevelop ta Bafaranshe Florian Rival, wadda ake haɗa wasa da ita ba tare da an iya rubuta harshen kwamfuta ba. Akwai kuma Pocket Code, daga jami'ar fasaha ta Graz a ƙasar Ostiriya, wadda ke aiki a kan wayar Android kanta. Ɗan lise ko ɗalibin Jami'ar Djibo Hamani da ya samu hutu da caji a waya zai iya fitar da ɗan wasansa cikin makonni kaɗan.

Matsalar tana farawa ranar da ya miƙa wa abokai su gwada. Amsa biyu aka saba ji. Ta farko ta kara ce: “Ya yi kyau, Allah ya ƙara basira.” Ta biyu ta shaƙiyanci: “Wannan ai ko ƙurar Mario bai shaƙa ba.” Duka biyun suna barin yaron inda suka same shi, domin babu wadda ta nuna masa abin da zai gyara gobe da safe. Mai yabo ya rufe masa ido, mai dariya ya sa ya jingine aikin. Abin da ke yi masa amfani shi ne shaidar abin da ya faru a hannun mai gwadawa: a ina, me ya danna, me ya biyo baya.

Mene ne wasan tsalle-tsalle?

Shi ne irin wasan da Faransawa ke kira jeu de plateforme, wanda mutane da yawa suka fi sani da sunan Mario. Jarumin wasan yana gudu, yana tsalle daga tudu zuwa tudu, yana ƙetare ramuka, yana kauce wa abokan gaba har ya kai ƙarshen mataki. Kamfanin Nintendo na Japan ne ya yaɗa shi a duniya: da farko Donkey Kong a 1981, inda jarumin ke tsallake ganguna masu gangarowa, sannan Super Mario Bros. a 1985. Sunan Shigeru Miyamoto yana kan duka biyun.

Masu koyo suna son farawa da irin wannan wasa saboda ƙa'idarsa ba ta da yawa, kuma manhaja kamar GDevelop tana zuwa da gudu da tsalle a shirye. Amma sauƙin nan yana da tarko. Tun da wasan gaba ɗaya a kan tsalle ya tsaya, kuskure ɗan kaɗan a cikinsa yana ɓata komai, kamar ɗan langa da ƙafar tsayuwarsa ke ciwo.

Me ya sa maƙerin wasa ba ya ganin aibin aikinsa?

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A nan karin maganar ba ta cika aiki ba. Wanda ya ƙera wasa ya buga matakinsa na farko sau ɗaruruwa. Ya san inda kowane rami yake, yatsansa ya haddace lokacin kowane tsalle. Abin da yake ɗauka mai sauƙi zai iya zama katanga ga wanda ya riƙe wayar yau kaɗai. Baƙo ne ke jin ɗigon ruwan, mai ɗakin ya riga ya saba da kauce masa.

Manyan kamfanoni sun san da haka. Tun 13 ga Nuwamba 2023, Google ya wajabta wa duk wanda ya buɗe sabon asusu na ƙashin kansa a Play Store ya fara ba wasu mutane manhajarsa su gwada na kwana 14 a jere kafin a bar shi ya fitar da ita ga kowa. Da farko mutum 20 ake nema, a Disamba 2024 aka rage zuwa 12. Wannan ƙari ne a kan dalar Amurka 25 ta rajista. Ke nan matashin Tawa da ke son wasansa ya shiga kasuwar duniya dole ne ya nemi mutum 12 a kusa da shi. Idan dukansu “ya yi kyau” kawai za su ce, to an cika sharaɗi, an yi asarar kwana 14, kuma baƙin da ba su san shi ba ne za su faɗa masa gaskiya a bainar jama'a, da tauraro ɗaya.

Ba a buƙatar taron jama'a kafin a gano matsaloli. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhajoji da shafukan intanet, ya nuna a 2000 cewa gwaji da mutum 5 yakan fito da kusan kashi 85 cikin 100 na wuraren da mutane ke tuntuɓe. Fada guda ta isa, in dai kowa zai faɗi abin da ya gani.

A fara da tsalle

Kafin a yi maganar zane ko kiɗa, mai gwadawa ya tsaya a fili, inda babu rami babu abokin gaba, ya yi minti biyu yana gudu yana tsalle kawai. Tambayoyin da zai yi wa kansa kaɗan ne. Da ya danna, jarumin ya tashi nan take ko sai ya ɗan jinkirta? Da ya saki, ya tsaya ko yana santsi kamar a kan taɓo? Zai iya yin ƙaramin tsalle da babba? A Super Mario Bros., tsawon tsalle ya danganta da daɗewar yatsa a kan madanni, kuma wannan na daga cikin abubuwan da ke sa mai bugawa ya ji linzamin yana hannunsa.

Akwai wata dabara da yawancin masu koyo ba su sani ba, wadda mai ba da shawara zai taimaka ƙwarai in ya san ta. Wasanni masu daɗin bugawa suna yi wa ɗan Adam afuwa a ɓoye. Wasan Celeste, wanda Maddy Thorson da Noel Berry suka jagoranci ƙerawa kuma ya fito a 2018, ya yi suna wajen wahala. Duk da haka, idan jarumar ta wuce bakin tudu, wasan yana ba ta kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ta yi tsalle kamar har yanzu ƙafarta na ƙasa. A wasan da ke nuna hotuna 60 a daƙiƙa, wannan hotuna 6 ne kacal. Haka kuma idan aka danna tsalle daf da sauka, wasan yana riƙe umarnin ya cika shi da zarar ƙafa ta taɓa ƙasa. Ido ba ya ganin waɗannan abubuwa, amma yatsa yana jin rashinsu. Duk lokacin da mai gwadawa ya ce “wallahi na danna, bai tashi ba”, sau da yawa gaskiya ya faɗa, kuma maganin yana cikin waɗannan hotuna 6.

A waya kuma akwai ƙarin wahala, domin madannan zane ne a kan gilashi, yatsa ba ya jin iyakarsu. Sai a duba ko sun yi ƙanƙanta, ko sun matsu da juna, ko babban yatsa yana rufe wurin da jarumin zai sauka.

Matakin farko malami ne

Abu na biyu shi ne yadda wasan ke koyar da kansa. Matakin farko na Super Mario Bros. ya zama abin misali a wannan fanni, kuma Miyamoto da kansa ya yi bayaninsa a 2015. Mario yana farawa a gefen hagu, fili na buɗe a dama, sai mutum ya gane inda za shi ba tare da an rubuta masa ba. Abokin gaba na farko yana tahowa a hankali, a ƙasa mai faɗi. Naman gwari na farko yana fitowa, ya bugi bututu, ya komo kan Mario a wurin da kauce masa ke da wuya, sai mutum ya gano cewa ƙara masa girma yake yi. Can gaba akwai giɓi tsakanin matakala biyu wanda ke da ƙasa a cikinsa, in an faɗa ba a mutuwa. Bayansa ne ake haɗuwa da irinsa mai rami na gaske.

A ɗauka wani ɗalibi ya ƙera wasa inda yaro makiyayi ke ratsa duwatsun Adar, daga Keita zuwa Tamaske, yana neman akuyarsa da ta ɓata, yana ƙetare koramu, yana kauce wa kunama da ƙaya. Mai gwadawa zai duba ko an nuna masa kunama a fili mai sauƙi kafin a ajiye ta a bakin rami. Zai duba ko akwai wurin da dole ya yi tsalle ba tare da ya ga inda zai sauka ba. Zai duba ko ƙayar tana kashe shi tun bai taɓa ta ba, domin kowane abu a wasa yana da akwatin da ba a gani wanda ke auna taɓawa, kuma masu koyo sukan yi shi ya fi zanen girma. Zai duba launi: kunama mai ruwan ƙasa a kan dutse mai ruwan ƙasa tana iya fitowa a kwamfuta cikin ɗaki, amma ta ɓace a fuskar waya ƙarƙashin ranar watan Afrilu.

Sai batun zango, wato inda ake mayar da mutum bayan ya mutu. Wahala ba aibi ba ce. Super Meat Boy na 2010 yana kashe mai bugawa sau da yawa, amma matakansa gajeru ne kuma yana dawo da shi nan take. Abin da ke sa a ajiye waya shi ne a yi minti uku ana tafiya, a mutu a wuri ɗaya, a koma farko. Tambayar da ta raba wahala mai daɗi da ta zalunci ita ce: bayan mutuwa, mutum ya san laifin da ya yi? In ya sani, zai sake gwadawa. In bai sani ba, wasan zai zarga.

Yadda ake furta shawarar

Garin da ya karɓi gasar kokowar ƙasa ta farko a 1975 ya san bambancin ɗan kallo da mai horarwa. Idan ɗan kokowa ya faɗi, ɗan kallo cewa yake “ba shi da ƙarfi”. Mai horarwa kuwa zai ce masa ya bar ƙafar hagu a gaba lokacin da abokin karawarsa ya sunkuya. Maganar farko hukunci ce, ta biyu ce ake iya aiki da ita.

Haka ake so a yi da wasa. Kyakkyawan rahoto yana ɗauke da abubuwa biyar: wurin, abin da aka yi, abin da aka zata, abin da ya faru, da irin wayar. Maimakon “wasan nan ya cika wuya”, aboki zai iya cewa: “Abokina, a mataki na 2, bayan rijiya, na faɗa rami na uku sau 8. Ina tsalle daga bakin dutse amma ba na ganin inda zan sauka. A karo na tara na ajiye.” Maimakon “yana maƙalewa”, sai ya ce: “A Itel ɗina mai giga 1, da kunamu suka kai huɗu a fuska, sai ya riƙa tsaitsayawa.” Faɗin sunan waya yana da muhimmanci a nan, domin wanda ya ƙera wasa a kwamfuta ba ya sanin halin da zai shiga a ƙaramar Tecno ko Itel, waɗanda su ne a hannun jama'a da yawa. Ya dace a faɗa masa har nauyin wasan, domin abin da ya cika mega da yawa sai an tura ta Xender, ba kowa zai ƙona kuɗin intanet a kansa ba. In wayar tana ɗaukar bidiyon fuskarta, daƙiƙa 20 na bidiyo sun fi dogon bayani.

Yabo ma yana cikin aikin, in an yi shi da hujja. “Na ji daɗin yadda akuyar ke kuka idan na kusa da ita, shi ya nuna mini hanya” magana ce mai amfani, domin ta faɗa wa maƙerin abin da kada ya taɓa. Masu koyo da yawa suna rushe abin da ke aiki saboda babu wanda ya gaya musu yana aiki.

Bayan haka sai a jera matsalolin bisa nauyinsu. A gaba akwai abin da ke hana wasa gaba ɗaya: ya rufe kansa, jarumin ya nutse cikin bango, ba a iya wuce wani wuri. Sai abin da ke ɓata rai: tsalle, zango, launi. A ƙarshe abin sha'awa: kiɗa, tufafin jarumi, ƙarin matakai. Wanda aka zuba wa gyara 30 a lokaci guda ba zai san ta inda zai fara ba. Uku mafiya nauyi sun isa zama ɗaya.

Akwai iyakar da ya kamata mai shawara ya kiyaye. Shi mai shaida ne, gyara na maƙeri ne. In ya ce “ka cire ramin nan”, mai yiwuwa ramin ba shi da laifi, kyamarar wasan ce ba ta nuna ƙasa. Ya faɗi inda ya ji ciwo, ya bar mai aikin ya nemo dalili. Kada kuma ya nemi a mayar da wasan wani abu dabam. Wanda ya kawo wasan makiyayi ba ya buƙatar a ce masa ya sa bindiga ko ƙwallo. Tambaya ɗaya a farko tana kawar da wannan: “Me kake so mutum ya ji idan yana bugawa, kuma su wa ka yi wa shi?”

Wuri da murya su ma suna da tasiri. Gyaran da aka yi wa yaro a tsakiyar fada ko a zauren WhatsApp mai mutum 100 yakan zama abin tsokana na mako guda. Saƙon murya zuwa gare shi shi kaɗai ya fi. Idan babba ne ke magana, malami ko yaya, nauyin bakinsa ya ninka na aboki, kuma kunya ba za ta bar yaron ya musa ba. Gara ya buɗe da tambaya: “Ƙanena, nan wurin da gangan ka sa shi haka?” Ta haka yaron zai samu damar bayani, wataƙila ma ya gano kuskuren da bakinsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma sai an ji alamar hakan a muryar mai faɗa.

Nauyin da ke kan maƙerin

Wanda ya kawo wasa shi ma yana da aiki, kuma mafi wuya shi ne yin shiru. Ya miƙa waya, ya koma gefe da takarda da biro, ya sa ido. Kada ya ce “danna nan”, domin ranar da wasan ya fita ba zai kasance a bayan kowa ba. Duk inda mai gwadawa ya tsaya yana dube-dube, ko ya yi tsaki, ko ya yi dariya, ya rubuta. Abin da hannu ya yi ya fi abin da baki ya faɗa gaskiya, musamman a inda kara ke hana mutane faɗin aibi ido da ido.

Tambayar “ya yi kyau?” ba ta haifar da komai sai “ƙwarai kuwa”. Ya tambaya: a ina ka fi jin haushi? A ina ka so ka daina? Me ka zata abin nan zai yi? Ya kuma nemi mutanen da ba irinsa ba: ƙanwarsa ƴar shekara 10, ɗan kabu-kabu, wanda bai taɓa shiga lakwal ba. In umarnin wasan da Faransanci kaɗai aka rubuta, waɗannan ne za su nuna masa ko zanen ya isa ya yi bayani, ko kuwa ana buƙatar Hausa ko Tamajak, ko murya maimakon rubutu.

Ba dole ne ya bi kowace shawara ba. Abin da mutum ɗaya ya faɗa ra'ayi ne. Wurin da mutum huɗu cikin biyar suka faɗi, matsala ce. Bayan gyara sai ya nemi sabon mutum, domin na jiya ya riga ya haddace hanya.

Me ake nema a ƙarshe?

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A Yamai, Mahaman Sani Housseyni Issa na kamfanin MOGMedia Design ya fitar da wasan waya mai suna Les Héros du Sahel, da jaruminsa Shamsou, kuma jaridu sun gabatar da shi a matsayin wasan bidiyo na farko da aka ƙera a ƙasar. A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da Aurion a 2016. A Abidjan, birnin da ƴan Adar suka daɗe suna zuwa biɗa, ana gudanar da bikin wasannin bidiyo na FEJA tun 2017.

Waɗannan misalai suna sa alfahari, kuma alfaharin yana da nasa haɗari. “Namu ne” yana iya sa mutum ya sauke wasa sau ɗaya, amma ba ya sa shi ya sake buɗewa washegari idan tsallen ba ya amsa yatsa. Ɗan ƙasar da ake yaba wa saboda ɗan ƙasa ne kawai an hana shi abin da takwaransa na wata ƙasa ke samu kullum, wato mutanen da suka ɗauki aikinsa da muhimmanci har suka zauna suka lissafa masa aibinsa.

Wasan farko ba ya zama gwaninta, kuma ba a jiran hakan daga gare shi. Celeste ɗin da ake misali da shi ya faro ne daga ɗan ƙaramin wasa da mutum biyu suka haɗa cikin kwana 4 a 2015, sai da aka yi shekaru ana gyara kafin ya kai inda ya kai. Abin da ɗan koyo na Tawa ko Keita ko Barmu ke buƙata daga wasansa na farko shi ne dalilin yin na biyu, da sanin abubuwa uku da zai yi dabam. Mutanen da ke kusa da shi za su iya ba shi duka biyun, da minti 15 na gwaji da jimloli kaɗan masu ɗauke da sunan wuri da adadi.